Sati uku ina koyon buga kwamfuta da yatsu goma, kullum ƙara tsanar abin nake yi

Maman_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya, kuma don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan hali shi nake so ya amsa min. "Ki yi haƙuri" kam na ji ta har kunnena ya gaji.

Shekarata tara ina aikin ofis, da yatsu biyu nake buga rubutu ina kallon kibod, kuma ban taɓa jin na gaza ba, ina yin kalma 30 a minti. Sai ga shi an ce kowa a sashenmu dole ya koyi bugu da yatsu goma ba tare da duban kibod ba. Yau sati uku ke nan. Na koma kalma 11. Ƙaramin yatsana na hagu kamar aro aka ba ni. Wasiƙar da nake gamawa cikin minti goma yanzu sai ta ci min rabin awa, kuma cike da kurakurai. Da na zauna na jera yatsu a layin tsakiya sai in ji raina ya ɓaci tun ban taɓa harafi ba. Jiya har ƙwalla na yi, ni da girmana.

Masu ce min "ai za ki so shi in kin iya", da gaske ƙiyayyar tana tafiya? Ko dai mutum ne ke sabawa da abin da ba ya so, sai ya daina ƙorafi?

Direban_Dare:
Wa alaikis salam Hajiya. Tana tafiya, ni shaida ne. Lokacin da nake koyon mota mai kuloci ba abin da na tsana kamar tashi a kan tudu. In saki kuloci da wuri mota ta mutu, in yi jinkiri ta sulalo baya, na bayana suna ta danna min hon, gumi na keto min. Akwai ranar da ta mutu min sau huɗu a wuri ɗaya, na fito na miƙa wa mai koya min makulli na ce na fasa. Yanzu shekara 16 ina tuƙi, in kika tambaye ni yadda nake haɗa kuloci da totur sai na tsaya na yi tunani kafin in ba ki amsa, don ƙafar ce ta sani, ba ni ba. Kuma wallahi yanzu in aka ba ni motar da ke sa giya da kanta sai in ji kamar an rage min wani abu.

Ɗan_Koyo99:
Anti ki ƙara daurewa, ai kwana 21 ne kawai, an ce komai mutum ya yi kwana 21 a jere ya zama jikinsa.

Maman_Hanan:
Ƙanena, sati uku kwana nawa ne? 😅

Ɗan_Koyo99:
Au. To na janye 🙈

Malam_Nazari:
@Ɗan_Koyo99 ba laifinka ba ne, maganar ta bazu sosai. Asalinta wani likitan gyaran fuska ne a Amurka, Maxwell Maltz, da ya rubuta a 1960 cewa marasa lafiyarsa kan ɗauki aƙalla kwana 21 kafin su saba da sabuwar kamarsu. "Aƙalla" ya ce, kuma kan sabawa da fuska yake magana, ba koyon sana'a ba. Da aka zo aka gwada abin a Landan, Phillippa Lally da abokan aikinta sun bi mutum 96 da kowannensu ya ɗauki wata ƙaramar ɗabi'a yana yi kullum. Tsaka-tsakin lokacin da abin ya zamar musu jiki kwana 66 ne, amma wani 18, wani kuma lissafi ya nuna sai 254. Kuma ƙananan abubuwa ne fa, irin shan kofin ruwa. Wani abin da ya burge ni a ciki: tsallake rana ɗaya bai rushe abin ba.

Malama Maman Hanan, game da tambayarki. Wasu masana biyu, Fitts da Posner, a 1967 sun kasa koyon aikin hannu gida uku. A farko komai sai kin yi tunaninsa: ina "r" take, wane yatsa ne nata, in koma ina bayan na taɓa ta. A tsakiya kurakurai na raguwa, motsi na haɗuwa da juna. A ƙarshe hannu na yi ke kina tunanin wani abu daban. Matakin farko shi ne mai ɗaci, saboda abin da hankali ke iya riƙewa a lokaci ɗaya kaɗan ne, kamar guda huɗu. Ke kuma kina ɗora masa wurin harafi, da yatsa, da ma'anar jumlar, da fargabar kada a ga kin yi jinkiri. Wannan gajiyar ce kike ji a matsayin tsana. Abin da ya ƙara miki nauyi shi ne kina da tsohuwar hanya da kika ƙware a kanta, kullum tana jan hannunki.

Ba_Yabo_Ba_Fallasa:
Ku yi haƙuri zan ɓata muku taro. Shekarata 12 ina aikin lissafin kuɗi. Na iya shi, ba yabon kai ba, in lissafi ya ƙi daidaita a wurinmu ni ake kira. Amma har gobe ba na son sa. Ranar da na fara ban so shi ba, yau ma da safe ban so shi ba. Abin da ya canza kawai shi ne ya daina tsorata ni. To wannan ba so ba ne, sabo ne, kuma sabo ai turken wawa ne.

Sannan ku lura da wa ke amsawa. Malam Direba ya dage ya so tuƙi, shi ya sa ya zo yana ba da labari. Wanda ya miƙa makulli bai sake komawa ba, yana can yana wata sana'ar cikin jin daɗi, ba zai zo ya ce mana "na bari kuma ban yi nadama ba". Masu nasara kaɗai muke ji, sai mu ɗauka kowa haka ne.

Direban_Dare:
Wannan gaskiya ne Yallaɓai, mu biyar muka fara tare, biyu sun bari. Ɗaya ma ya fi ni rufin asiri yanzu.

Anti_Mai_Keke:
Ni dai ina tsakiya. Da aka kai ni koyon ɗinki ba da son raina ba ne. Keke mai feda ne, in ban daidaita ƙafa ba sai ya juya baya, zare ya tsinke, ko ya cukurkuɗe a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Uwar ɗakina ta sa na yi kwanaki ina taka feda ba zare ba yadi, sannan ta ja min layuka a takarda ina bi da allura. In na yi ɗinki ya karkace ta ce farke. Na tsani kalmar "farke" har yau.

Amma zan iya faɗa miki ranar da abin ya juya. Na ɗinka wa 'yar ƙanwata wata 'yar riga, wuyan ma a karkace, yarinyar ta saka ta ƙi cirewa har da ita ta kwana. Daga ranar nan ni ke riga kowa zuwa. Ban ƙara ƙwarewa a dare ɗaya ba, abin da ya faru shi ne na ga amfanin wahalar da idona.

To 'yar uwa, me kike bugawa in kina atisaye? In irin su "fff jjj fjf" ne kawai har sati uku, dole ki tsane shi. Ki ɗan riƙa buga abin da ya shafe ki, saƙo ga wata ƙawa, ko wani abu da kika haddace.

Sai dai in goyi bayan @Ba_Yabo_Ba_Fallasa a wuri ɗaya: shekara 20 ina ɗinki, har yau ba na son saka zif.

Maman_Hanan:
Anti kamar kina wurin. "asdf jkl" ne dare da rana. Kuma sai na bari ranar Asabar in zauna awa uku ko huɗu in rama na sati.

Malam_Nazari:
To ga inda gizo ke saƙa. An yi gwaji a kan daidai wannan aikin naki. A Birtaniya, lokacin da gidan waya zai koya wa ma'aikatansa amfani da injin tantance wasiƙu mai kibod, Baddeley da Longman suka raba su rukuni huɗu, sakamakon ya fito a 1978. Wasu awa ɗaya a rana, wasu awa ɗaya sau biyu, wasu awa biyu sau ɗaya, wasu awa biyu sau biyu. Masu awa ɗaya a rana su ne suka iya da mafi ƙarancin awoyi, masu awa huɗu suka fi kowa ɓarnar lokaci. Abin dariyar, da aka tambaye su ra'ayinsu, masu awa ɗayan su ne suka fi rashin gamsuwa da tsarinsu, don kwanakinsu sun fi tsawo. Kin ga yadda mutum ke ji game da koyonsa ba lallai ya nuna ainihin yadda koyon ke tafiya ba.

Ki raba awa huɗun nan zuwa minti 20 ko 30 kullum. Barci ma na cikin aikin, abin da hannu ya koya da rana yakan ƙara zama bayan an kwana.

Tsohon_Akawu:
'Yata, ki ji daga bakin tsoho. Mu a kan tafireta muka koya. Babu madannin gogewa, in ka yi kuskure a layin ƙarshe na takarda mai kwafi uku, sai ka zare ka sake daga farko. Malaminmu yakan ɗora mana kwali a kan hannu don kada mu leƙa. Ƙaramin yatsan da kike kuka da shi, a tafireta sai ka danna da ƙarfi kafin harafi ya fito, har ciwo yake yi da dare. Na yi wata biyu ina addu'ar Allah ya raba ni da wannan aiki. Daga baya ƙarar tafireta ta zama abin da in ban ji ba sai in ji ofis ya yi min shiru.

Abin da nake so ki duba shi ne wannan. Ba kibod kika tsana ba, shekara tara kina tare da shi lafiya. Abin da ya yi miki ciwo shi ne an mai da ke 'yar koyo bayan kin zama gwana. Yaro ba ya jin wannan, ya faɗi sau goma ya tashi yana dariya, don bai san ana kallonsa ba. Babba kuwa da kunyarsa yake koyo. Ni ma da jikokina suka zo koya min wayar shafa-shafa, fushi na riƙa yi da wayar, alhali da kaina nake fushi. Gemu ba ya hana ilimi, amma yana sa a ji nauyin tambaya.

Ki shafa F da J, za ki ji ɗan tudu a kansu. An sa shi ne don manuniyarki ta gane gida ba tare da ido ba. In kin ɓace, can za ki koma.

Maman_Hanan:
Baba wallahi ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Wata yarinya da ta zo bara, ni na nuna mata komai na ofis, yanzu ita ke tsayawa a kaina tana cewa "Anti ba wannan yatsan ba". Kuma cikin ladabi take faɗa, shi ya fi ba ni haushi.

Gwanin_Yatsu_Shida:
Ni tambayata daban ce, wa ya ce dole sai goma? A jami'ar Aalto ta ƙasar Finland an yi bincike a 2016, aka sa wa mutane alamomi a yatsu ana ɗaukar motsinsu, aka ga waɗanda suka koya da kansu suna amfani da yatsu kamar shida suna iya kamo waɗanda aka koya wa tsarin goma a sauri. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi muhimmanci shi ne kowane harafi ya zama yatsa ɗaya ne ke zuwa masa kullum. Ni da shida nake yi kuma ba wanda ya taɓa jira na.

Ba_Yabo_Ba_Fallasa:
Ka ji ko. Wani lokacin ƙin da mutum ke ji saƙo ne, yana gaya masa hanyar ce ba ta dace da shi ba. Ba kowane ƙi ne ragwanci ba.

Tsohon_Akawu:
Shida daban, biyu daban, ɗana. Kuma ita matsalarta ba yawan yatsu ba ne kaɗai, kallon kibod ne. Mai kallon ƙasa ba ya ganin kuskurensa sai ya ɗago, ga ciwon wuya.

Nas_Mai_Kwana:
Bari in ɗan karkata. Ina ga rabin abubuwan da muke cewa mun tsana, wanda ya koya mana ne ya sa. Lokacin da nake koyon neman jijiya don sa ruwa, wadda aka haɗa ni da ita in na kuskure sai ta yi tsaki ta karɓe a gaban mara lafiya. Na kai matsayin da in na ga an ɗauko tiren allura sai cikina ya juya, in nemi wani aikin in laɓe. Da aka canza min wata, ita sai ta ce in rufe ido in laluba da yatsa tukuna, in ji yadda jijiya ke ɗan tsalle a ƙarƙashin fata, ta tsaya a gefe ba ta ce uffan ba. Cikin wata guda hannuna ya faɗa. Yanzu in jijiyar yaro ta ɓuya ni ake tasowa, kuma ina jin daɗin hakan har raina. Aikin bai canza ba, allurar ma ita ce dai.

Direban_Dare:
Sista kin tuna min, nawa malamin dukan cinya yake yi in na saki kuloci da gaggawa 😂 Allah ya jiƙansa, ya iya mota amma bai iya koyarwa ba.

Ɗan_Koyo99:
To ni na taɓa jin wai sai an yi awa dubu goma. In haka ne Anti sai ta yi ritaya ba ta gama ba.

Malam_Nazari:
Kai kuma da lambobinka 😄 Wannan ta samo asali ne daga binciken Anders Ericsson na 1993 a kan ɗaliban kiɗan goge irin na Turawa a Jamus, inda mafiya ƙwarewa suka tara kimanin awa 10,000 zuwa shekara 20 da haihuwa. Maganar zama zakaran duniya ce, ba iya buga wasiƙa ba. Shi kansa Ericsson ya ce irin atisayen da ke gyara mutum, wato maimaita daidai wurin da kake kuskure, ba abu ne mai daɗi a karan kansa ba. Ko ƙwararru ba jin daɗinsa suke ba.

@Ba_Yabo_Ba_Fallasa, ban ƙi taka ba, amma ina ga sabo da so ba su rabu kamar yadda ka raba su ba. Robert Zajonc a 1968 ya riƙa nuna wa mutane kalmomin da ba su da ma'ana da wasu zane-zane masu kama da rubutun Sin, wasu sau ɗaya, wasu har sau 25. Waɗanda aka fi nunawa su mutane suka fi cewa suna da kyakkyawar ma'ana, alhali ba su san komai a kansu ba. Yawan gani kaɗai yana jawo ɗan so. Sai dai abin ya fi aiki a kan abin da ba ka da ra'ayi a kansa tun farko. Wanda ka riga ka ƙi da gaske, yawan cusa maka shi na iya ƙara maka ƙinsa.

Ba_Yabo_Ba_Fallasa:
To ai ka dawo kan maganata da kanka Malam. Jumlarka ta ƙarshe ita ce rayuwata.

Anti_Mai_Keke:
Amma Yallaɓai tsakaninka da Allah, ranar da lissafi ya ƙi daidaita kwana biyu, kai ka gano inda kuskuren yake, ba ka jin komai?

Ba_Yabo_Ba_Fallasa:
...ina jin wani abu na kamar minti biyar. Kada ki ɗauke shi da nisa.

Anti_Mai_Keke:
Na dai ji 😂

Mai_Karatun_Dare:
Ni abin da ya kusa sa ni barin koyon Larabci ba farkon ba ne, tsakiya ne. Farko kullum da sabon abu, kana ganin kana gaba. Sai na kai wani wuri na yi wata uku kamar ana tafiya a kan tabarma ana janye ta. Wani malami ya ce min wannan tsayawar sananniya ce, tun a shekarun 1890 Bryan da Harter suka lura da ita a wurin masu koyon karɓar saƙon tangaraho: sai su tsaya cik na makonni, sannan su yi sama, lokacin da kunnensu ya daina jin harafi ɗai-ɗai ya fara jin kalma sukutum. Ina faɗa ne don Maman Hanan ta sani, ko ta wuce wannan matakin akwai wani a gaba, kada ta ce ba a gaya mata ba.

Maman_Hanan:
Kai jama'a, na zo neman sauƙi ana min albishir da wani tudun 😩

Nas_Mai_Kwana:
Shawara ɗaya: ki riƙa rubuta saurinki sau ɗaya a sati, ba kullum ba. Na kullum hawa da sauka yake yi, sai ya karya miki gwiwa. Kuma ki daina gwada kanki da kalma 30 ɗin da, ki gwada da 11 ta satin jiya.

Gwanin_Yatsu_Shida:
Kuma in aiki na gaggawa ya zo ki yi da yatsunki biyu ki sallami mutane, atisaye daban.

Tsohon_Akawu:
A nan kam ban yarda ba. In tana komawa tsohuwar hanya duk lokacin da aka matsa mata, hannun ba zai taɓa sakin ta ba. Gara ta sanar da shugabanta cewa wata guda aikinta zai yi nauyi, tunda su suka ce a koya.

Gwanin_Yatsu_Shida:
Baba ba kowane shugaba ne ke jin wannan yaren ba.

Maman_Hanan:
Salam, na dawo bayan kwana 12 don kada a ce na ci amana. Na koma minti 25 kullum kafin a fara aiki, na fasa zaman Asabar. Rana biyu ban yi ba. Na bi ta Anti, ina buga wa yayata dogon saƙo maimakon "asdf", har ta kira ni tana tambaya ko lafiya. Yanzu ina kalma 19.

Ko na fara son sa? A'a. Amma shekaranjiya na buga "Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya" ina kallon taga, sai da na gama na lura ban duba ba, na yi ta kallon hannuna kamar na wata. Ɓacin ran da nake ji kafin in zauna ya ragu, sai dai in na zo kan "q" da "z". Aikin gaggawa kuma, Baba ka yafe ni, har yanzu da yatsu biyu nake yi.

Ba_Yabo_Ba_Fallasa:
Ki dawo bayan shekara ki gaya mana ko so ne ko sabo. Ina nan ina jira.

Direban_Dare:
"q" da "z" su ne tudunki Hajiya.

Ɗan_Koyo99:
Ni ma na fara jiya saboda ku. Tambaya: ƙ da ɗ da ɓ wane yatsa ne nasu? Na duba kibod ɗina kaf ban gan su ba.